Rediyon intanet na yankewa ko ya ƙi magana a kwamfuta: tambayoyin da aka fi yi min a shago

Salam jama'a. Ni sana'ata gyaran kwamfuta ce anan Jos, shagona na wajen Taminus, kuma cikin 'yan shekarun nan na lura laftof ta zama rediyon mutane da yawa, teloli, masu kemis, masu fotokwafi, 'yan ofis, balle baƙinmu 'yan Kano da Katsina da Sakkwato masu son jin tashar gida wadda ko ka kafa eriya a saman dutsen Shere bazaka kamo ta ba. Toh tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, na maimaita har bakina ya gaji, shine nace bari in zauna in rubuta su wuri ɗaya.

Abu ɗaya nakeso ka riƙe tun yanzu, muryar da kake ji hannu huɗu take bi kafin ta iso kunnenka: kwamfutar gidan rediyon, layin datarka, burauza (manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome), sai sifika. In ta ƙi fitowa ɗaya daga cikinsu ne ya riƙe ta, kuma gwajin minti biyar ya isa a gane waye. Dan Allah kar wani ya karɓi kuɗinka yace sai an yi wa kwamfutar fomatin saboda rediyo ya ƙi magana, ni dai tunda nake aikin nan ban taɓa cin karo da inda hakan ya zama dole ba.

Na danna ya kunna, ina ganin sakan na tafiya, amma shiru. Ina matsalar?

In lambobin suna tafiya to data na shigowa, kar ka wahalar da kanka da kashe waya da kunnawa. Buɗe YouTube ko wani karatu da ke cikin kwamfutar ka ji. In shi ma shiru, to sautin ne yake fita ta wata ƙofar da ba taka ba. Danna hoton sifikar nan da ke ƙasa kusa da agogo ka duba sunan abin da Windows ya zaɓa, sau da yawa zaka tarar ya tura sautin zuwa allon da ka haɗa da wayar HDMI, allon kuma bashi da sifika ko ɗaya.

Akwai wani Baba mai sayar da kayan mota a Dilimi da ya zo min da laftof a cikin leda, ransa a ɓace, yace "yaro sifikar nan ta ƙone, kwana uku ban ji labaran safe ba." Na kunna a gabansa sai ga murya rangaɗau. Ya koma gida shiru, ya kira ni yana faɗa wai na yi masa dabo. Nace "Baba dan Allah akwai mai iyafis na blutut a gidan?" Ashe jikansa ne ya taɓa haɗa nashi da laftof ɗin, duk sanda ya buɗe akwatin iyafis ɗin a ɗakinsa sai kwamfutar ta kama shi, labaran duniya na ta zuba a ƙarƙashin filo. Muka kashe blutut, magana ta ƙare.

In kuma komai na magana banda rediyon, yi danna-dama akan hoton sifikar ka shiga inda aka rubuta "Volume mixer", kowace manhaja da nata ma'aunin, wataƙila na Chrome ne yake ƙasa. Sannan ka duba kan shafin can sama, in akwai hoton sifika da aka ja wa layi, danna-dama ka zaɓi "Unmute site".

Yana yi yana tsayawa, da'irar nan tana ta juyawa. Data ce ta yi kaɗan?

Ba lallai ba, kuma anan mutane suka fi ruɗewa. Rediyo baya buƙatar gudu, abin da yake so shine kar a yanke masa. Tashar da ke aiko da kilobit 64 ko 128 a sakan ko 3G mai lafiya ya ɗauke ta. Ka ɗauka kamar ruwan famfo ne da randa: burauza tana tara sautin 'yan sakanni a gaba tana baka daga ciki, in famfon ya ɗan tsaya ya dawo kafin randar ta ƙare bazaka ma sani ba, in ya daɗe sai ka ga da'ira. Shi yasa zaka ga mutum ya gwada gudun intanet ɗinsa ya ga lamba mai kyau amma rediyo na ta sarƙewa, saboda ruwan zuwa yake da ƙarfi ya ɗauke, ya sake zuwa ya ɗauke.

Kafin ka zagi kamfanin layi duba ko wani ne a cikin kwamfutar yake shanye ruwan. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, a jerin da zai fito ka kalli layin "Network", zaka ga wa yake ja. Yawanci Windows ne yake sauko da sabuntawarsa a ɓoye, ko OneDrive, ko manhajar sauke fim da yaro ya bari a kunne. In da hotsifot ɗin waya kake, shiga saitin waifai ɗin ka kunna "Metered connection", wannan yana gaya wa Windows cewa datar nan da kuɗi aka saye ta ya rage haɗama. Sai kuma ka ƙirga mutum nawa ne ke kan hotsifot ɗin, kai kana jin tafsiri yaran shago uku suna TikTok, ai dole.

Amma sabis ɗina a cike yake, sanda huɗu.

Sandunan nan ƙarfin siginar da ke tsakaninka da turken sabis kawai suke nunawa, basa gaya maka mutum nawa kuke rabon turken. Da daddare bayan isha'i kowa ya dawo gida ya hau waya, a unguwa mai cunkoso irin Anguwan Rogo ko Rikkos ko Gangare zaka ga sanda a cike amma abu baya motsi, da asuba kuma kamar ba shi ba. Wannan babu abin da mai gyara zai yi maka akai, sai dai ka gwada wani layin ko ka nemi tashar a ƙaramin awo, wasu suna bada kilobit 32 ko 48.

Garinmu kuma gari ne na duwatsu da kwari, gida biyu a layi ɗaya wani ya samu wani ya rasa. Ɗora wayar ko mayifai ɗin a taga, kar ka bar ta cikin durowa ko bayan firij. In zaka iya, haɗa wayar da laftof ta wayar caja ka kunna "USB tethering", ya fi waifai tsayuwa kuma wayar na caji a lokaci guda. Wani abin kuma, in aka kira ka a wayar da ke bada hotsifot, wayoyi da yawa suna sauka daga 4G su koma 3G ko 2G don amsa kiran, data ta tsaya ko ta yi rauni har ka gama. In ka lura duk sanda Hajiya ta kira rediyo ke mutuwa, toh ba ita bace, wannan ne.

WhatsApp da Facebook na yi amma rediyo ya ƙi sam.

Duba irin datar da ka saya. In ta soshiyal ce, wadda aka ware wa WhatsApp da su Facebook kaɗai, bazata buɗe rediyo ba ko da giga nawa ne a ciki. Haka datar dare, sai lokacinta.

Data nawa yake ci ne wai?

Lissafi ne mai sauƙi. Kilobit 64 a sakan yana kamawa kusan MB 29 a awa ɗaya, 128 kusan MB 58, 32 kuma MB 14 da ɗan ɗori. Tela da ke kunnawa awa takwas kullum a kan 64 zai ci wajen MB 230 a rana, wato dab da giga 7 a wata, in a kan 128 ne ninka biyu. Ga mai jin labarai da wa'azi da shirin siyasa 128 asara ce wallahi, murya bata buƙatar haka, musamman in tashar na amfani da tsarin sauti na AAC wanda a ƙaramin awo ya fi MP3 daɗin ji.

Inda mutane ke ƙonewa shine jin tasha ta bidiyon kai tsaye na Facebook ko YouTube, kai murya kake so amma kana biyan kuɗin hoton mai gabatarwa yana gyara hula. In babu wata hanyar sai ita, mayar da hoton 144p.

Jiya lafiya lau, yau ya ƙi, kuma ban taɓa komai ba.

Gwaji biyu zaka yi. Buɗe wata tashar daban a kwamfutar, ko ta Radio Garden ko TuneIn ko shafin BBC Hausa. Sannan buɗe tashar da ta ƙi ɗin a wayarka da wani layin. In wasu na yi ita kaɗai ta ƙi ko'ina, toh daga can ne, ka huta.

Mutane na ɗauka abin da ke fita a FM shi ke fita a intanet kai tsaye, ba haka bane. A yawancin gidajen rediyo akwai wata kwamfuta a gefe da aka jona da na'urar haɗa sauti, ita ke tura shi zuwa saba, wato wata kwamfuta da ke kan intanet, sabar ke raba wa masu sauraro. In aka ɗauke wuta aka koma janareto kwamfutar nan na iya mutuwa ba wanda ya lura, ko datarsu ta ƙare, ko kuɗin hayar sabar, ko wani ya taka waya ta fita sai ka ga sakan na tafiya amma iska ake aiko maka. Wasu kuma kwangilarsu tana da iyakar mutanen da zasu shiga lokaci ɗaya, shi yasa a shirin da ya fi farin jini, ko ranar sakamakon zaɓe, zaka ga ƙofa a rufe. In kana da lambar shirin tura musu saƙo, sau da yawa basu ma sani ba.

Sabobin nan kuma da yawansu a Turai ko Amurka suke, wato tashar da ke nan cikin Jos muryarta sai ta tsallaka teku ta dawo kafin ta same ka a Bukuru. Wanda ya tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace ta wajen gaɓar Kwaddibuwa, ya san yadda aka yi, har bankuna sun ji a jikinsu. A satin da abin ya faru laftof nawa aka kawo min wai ta lalace, lafiyarsu ƙalau.

Da ina buɗe shafin yake fara magana da kansa, yanzu sai ya yi tsit.

Ba lalacewa bane. Tun 2018 Chrome ya hana shafuka fara sauti da kansu sai mutum ya taɓa, Firefox ya bi sahu a 2019. Danna maɓallin kunnawar da hannunka kawai.

In ka danna bai motsa ba, gwada Ctrl da F5 ya sake ɗauko shafin sabo. In ya ƙi, danna Ctrl da Shift da N ka buɗe tashar a baƙar tagar nan, a cikinta ƙananan manhajojin da aka liƙa wa burauza basa aiki sai in kai ka basu izini. In ya yi a can, toh ɗaya daga cikinsu ne mai laifi, galibi mai toshe talla, saboda wasu tashoshin suna saka talla kafin shiri kuma in tallan bai wuce ba shirin baya farawa.

Shafin yace sai na saka Flash.

Kar ka saka. Adobe ta daina kula da Flash ranar 31 ga Disamba 2020, daga 12 ga Janairu 2021 ta toshe shi gaba ɗaya. Duk shafin da yau yake ce maka danna nan ka sauko da Flash, ko dai an yi watsi da shi shekaru ko kuma bairos ake son ɗura maka. Wannan kam in ka danna zaka zo shagona da gaske.

Burauza na nuna jan gargaɗi wai haɗin ba amintacce bane, ko wai agogona ba daidai ba.

Kalli kwanan wata a ƙasan allo. In ka ga wata shekara ta can baya, batirin agogon cikin kwamfutar ne ya mutu, ɗan ƙarami mai kama da kwabo, a destof CR2032 ake kiransa, a laftof da yawa irinsa ne amma an naɗe shi da 'yar waya a jiki. Shafukan da adireshinsu ya fara da https suna da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, in agogonka ya ɓata sai burauza ta ɗauka takardar jabu ce ta ƙi shiga. Gyara ranar da hannu zai yi, amma in laftof ɗin ta tokumbo ce da babban batirinta shi ma ya mutu, duk ɗauke wuta sai ka sake gyarawa, gara ka canja ɗan batirin ba tsada gare shi ba. Ka duba yankin lokaci ma, da yawa suna zuwa da na ƙasar da aka kwaso su, namu shine wanda aka rubuta "West Central Africa", awa ɗaya gaba da GMT.

Akwai wani nau'in kuma da baya nuna gargaɗi ko kaɗan. Shafin tashar https ne amma layin sautin tsohon http ne, tun 2020 Chrome in ya ga haka yana ƙoƙarin mayar da shi https, in sabar bata iya ba sai ya ƙi kunnawa ya yi gum. Wannan aikin masu tashar ne su gyara, kai mafitarka VLC, manhajar kunna sauti da bidiyo.

Yaya ake jin rediyo da VLC ɗin?

Ni shi nake amfani da shi a shago, kyauta ne, baya cin ƙwaƙwalwar kwamfuta kamar burauza, kuma zaka iya faɗaɗa randar da muka yi magana. Buɗe shi ka danna Ctrl da N, ka liƙa adireshin sautin. Kafin ka kunna yi alama a "Show more options", zaka ga "Caching" an rubuta 1000, wato sakan ɗaya kenan, mayar da shi 10000. Zai ɗan jima kafin ya fara amma ƙananan yankewar nan duk zai haɗiye su. A layin da ke rawa wannan kaɗai ya sha raba ni da kwastoma lafiya.

Wahalar ita ce samo adireshin, don ba na shafin ake sakawa ba, na sautin kansa ne, yawanci yana ƙarewa da .mp3 ko .aac ko .pls ko .m3u8, ko ka ga :8000 a tsakiya wanda shine ƙofar da manhajojin sabar rediyo irin su Icecast da Shoutcast suka saba amfani da ita. In tashar bata rubuta shi a fili ba, buɗe shafinta a Chrome ka danna F12, shiga "Network" sannan "Media", ka kunna rediyon, layin da zai fito ka yi danna-dama ka kwafa. In babu komai a nan duba cikin "All" ka nemi mai .m3u8. Da farko zai baka tsoro saboda rubutu ya cika allo, amma sau ɗaya ne, kana samu ka adana. Wasu adireshin dai suna ƙarewa bayan 'yan awanni, waɗannan sai haƙuri a koma burauza.

Tawa tsohuwa ce, Windows 7. Dole sai na canja?

Don rediyo kaɗai a'a. Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, Chrome kuma ya tsaya a lamba 109 a kansa tun farkon 2023, don haka a hankali wasu shafukan zasu riƙa ƙin buɗewa. Firefox 115 ESR shine na ƙarshe da ke hawa kansa, gwada shi, ko ka zauna a VLC. Amma kar ka shiga banki da ita. Windows 10 ma an daina kula da shi 14 ga Oktoba 2025, wannan bai hana rediyo magana ba.

Ɗan abin da ba kowa ya sani ba: wasu kwamfutocin da aka kwaso daga Turai suna zuwa da Windows mai harafin N a sunansa, an cire masa kayan kunna sauti da bidiyo. A irinsu zaka ga tasha na yi a Chrome amma ta ƙi a Firefox, sai an saka abin da ake kira Media Feature Pack.

Akwai wani ƙugi "zzzz" a ƙarƙashin muryar.

Zare cajar laftof ɗin daga wuta ka saurara. In ƙugin ya ɗauke, ba rediyo bane ba intanet bane, caja ce ko wutar. Cajar kasuwa marar nauyin nan, da ƙaramin janareto, da soket ɗin da ba a ja masa wayar ƙasa ba, in suka haɗu da amfilifaya sai a hankali. Gwada caja ta asali, ko ka jona laftof da sifikar a soket ɗaya, ko ka sayi ɗan katin sauti na USB. In kuma "dit-dit-dirrr" kake ji kafin kira ya shigo, wayarka ce a kusa da wayar sifika tana kan 2G, matsar da ita.

In kiɗa na fita amma muryar mai magana ta yi nisa kamar daga cikin tulu, kan iyafis ɗin ne bai shige duka ba ko ramin ya cika da ƙura, wanda a lokacin hunturun Jos ba abin mamaki bane. Tura shi sosai, ko ka ɗan juya.

Da sifikar blutut sautin ya koma kamar na kiran waya, ko ya ragu da kansa.

Blutut yana da hanya biyu, ta jin kiɗa mai kyau da ta kira wadda ke buɗe makirfo ta rage ingancin sauti. In Zoom ko WhatsApp na kwamfuta ko wani shafi ya kama makirfo sai ya koma ta biyun. Rufe su, in a jerin sifikoki ka ga suna biyu zaɓi mai "Stereo" ka bar mai "Hands-Free". Raguwar kuma Windows ne, an saita shi ya rage sauran sautuka da kashi 80 in ya ga kamar ana kira. Danna maɓallin Windows da R, rubuta mmsys.cpl, shiga "Communications" ka zaɓi "Do nothing".

Blutut da waifai na 2.4 GHz kuma layi ɗaya suke bi, suna iya takun juna, in rawutarka, wato na'urar da ke baka waifai, na da na 5 GHz koma can.

In na bar shi na minti goma ko ashirin sai ya mutu, ina taɓa linzami ya dawo.

Barci kwamfutar take yi. Shiga saitin wuta, ka bar allo ya mutu abinsa amma barcin ka mayar "Never" in tana kan caja. In kana so ka rufe murfin ka ci gaba da ji, akwai wurin da ake zaɓar abin da rufe murfi zai yi a "Power Options", sai dai kar ka rufe ka cusa ta a jaka tana aiki, zafi zai dafa ta.

Maƙwabcina mai ƙaramin rediyo yana rigana ihun gol.

Zai ci gaba da riganka. Na intanet kullum a baya yake, wani da 'yan sakanni wani da rabin minti ko fiye, saboda masu .m3u8 yanka sautin suke gutsure-gutsure na sakan 6 zuwa 10 kuma burauza sai ta tara kamar uku kafin ta fara, ga kuma duk tsayawar da ya yi yana iya ƙara maka nisa. In ya yi yawa sabunta shafin ya kamo na yanzu.

A ƙwallo abin dariya ne, a azumi ba dariya bane. Kar ka sha ruwa ko ka tsaya da sahur da kiran sallar rediyon intanet. Banda jinkirin, tashar wani garin kake ji, Maiduguri na gabas da mu rana na rigan faɗuwa can da mintuna masu yawa har ya kai kwata, Sakkwato kuma tana bayanmu. Wani maƙwabcin shagona saura kaɗan ya kai dabino baki da kiran sallar garinsu alhali rana na nan jajir a kan rufin kasuwa, yaronsa ne ya riƙe masa hannu yace "Oga leƙa waje tukuna." Bi masallacin unguwarku.

Yace wai shirin baya samuwa a ƙasata.

Maganar haƙƙin watsawa ce, ba matsalar kwamfuta ba. Sharhin wasannin Firimiya na BBC Radio 5 Live misali don masu sauraro a Birtaniya aka saya, daga nan zaka ji an rufe ko an saka wani abin. Amma in tashar Najeriya ce take ce maka haka, ko komai ya yi nauyi ba dalili, duba ko VPN, manhajar da ke sa a ganka kamar kana wata ƙasa, na kunne. Tun lokacin da aka rufe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022 mutane suka cika na'urorinsu da VPN na kyauta, har yau ina samunsu a kwamfutoci suna tashi da kansu, mai ita ya manta ma ya taɓa sakawa, yana zaune a Farin Gada intanet na ganinsa a Holan.

A gida yana yi, a ofis ya ƙi.

Masu kula da intanet ɗin ofis ne suka toshe, ko ƙofar 8000 ɗin ko duk wani abin sauraro. Ka roƙe su ko ka yi da datarka.

Toh yaushe ne ya kamata in kawo ta shago?

In babu sautin da ke fita ko ɗaya daga kowace manhaja, ka gwada iyafis mai waya shi ma shiru, ka kashe ka kunna ba canji, ko hoton sifikar na ɗauke da jan kuros yana cewa babu na'urar sauti, wannan direba ce, wato manhajar da ke tafiyar da na'urar sautin, ta goge ko katin sautin ne, kawo. Haka in sifikar na kakkarwa ko a ƙaramin sauti, ko waifai na ɓacewa gaba ɗaya daga jerin sai an kashe an kunna, ko fanka na ihu sautin na sarƙewa saboda zafi, wannan buɗewa za a yi a share ƙura. Haka wadda aka bari a jone da wuta aka yi tsawar daminar nan tamu.

In zaka zo dan Allah taho da cajarka, da sifika ko iyafis ɗin da kake ji da shi, da wayar da kake hotsifot da ita, ka kuma rubuto sunan tashar da lokacin da abin ya fi faruwa. Rabin waɗanda ke zuwa da laftof tsirara, a teburina sai ta yi ta magana kamar ba ita ba, mu yi ta kallon juna, su biya kuɗin keke su koma.